Shuɗi, ja ko kore: wane gam za ka saya wa notin injinka?

Duk mai tarakta a Gadarif, ko mai injin ban ruwa a bakin kogi wajen Mai Wurno a ƙasar Sudan, ya san abin da girgiza ke yi wa noti. Ka ɗaure yau, kafin mako ya zagayo ya saki. Maganinsa 'yar kwalbar gam ce da ake ɗiga wa zare, sai dai launi-launi ne, kuma sayen wanda bai dace ba ya fi rashin sayen ɓarna.

Wannan gam ba iska ke busar da shi ba. Sai ya shige tsakanin zaren ƙarfe inda iska ba ta kaiwa, sannan ya daskare. Vernon Krieble, malamin kimiyyar sinadarai a Amurka, shi ya samar da shi a 1953, daga nan kamfanin gam na Loctite ya fito. Don haka in ka ga kwalbar ba ta cika ba, ba ha'intar ka aka yi ba, iskar da ke ciki ce ke hana shi daskarewa.

In kuɗinka na kwalba ɗaya ne, sayi shuɗin Loctite, lamba 243. Yana riƙe noti mai kaurin milimita 6 zuwa 20, yana jure zafi har digiri 180, ɗan maiƙon da ya rage a zare ba ya hana shi kamawa, kuma ranar gyara sifana kaɗai ta isa ta kwance shi. Mafi yawan aikin gona nan ya tsaya.

Ja, wato 271 ko 263, shi ne ke ruɗar mutane. Ana jin an ce ya fi ƙarfi sai a shafa shi ko'ina. To, ba ya kwantuwa sai an gasa wurin da wuta ya kai wajen digiri 250. Ka sa shi a murfin fanfon da kake buɗewa duk kaka, ranar buɗewa kan notin zai karye, ko zaren alminiyon ya cinye, ga ridi na jiran yanka kai kuwa kana gari neman mai huda ƙarfe. Ina matuƙar jin takaicin irin wannan asara, domin manomin da bai ji ba bai gani ba take faɗa wa. Bar ja ga kusoshin da ba a sa ran ciro su. Ƙananan sukurori kuwa, 222 mai launin shunayya ya ishe su. Kore mai lamba 290 ruwa-ruwa ne, ana ɗiga shi a kan notin da aka riga aka ɗaure, ya tsotsa ciki da kansa. Amma karanta lamba da kyau: 638 ma kore ne, aikinsa kuwa riƙe boris a mazauninsa.

Tsaida yoyo wani babi ne daban. Farin tef ya wadatar a bututun ruwa, ga araha. Kada ya kusanci layin haidirolik na tarakta, domin ɓarɓashinsa na toshe bawul. Can 545 ake sawa, bututun ƙarfe mai kauri kuma 577. Fuskoki biyu masu kauri da aka goge sumul, irin na akwatin giya, 518 suke so, muddin ratar ba ta wuce rubu'in milimita ba. Silikon na murfi ne mai laushi, kamar kwanon baƙin mai, shi ma a shafa siriri, don wanda ya tsiyaya ciki yana iya toshe rariyar mai, inji ya buga. Bututun roba kuwa kada gam ɗin zare ya taɓa shi, yana tsattsaga wasu nau'o'in.

Kafin ka biya, duba ranar ƙarewar aiki, ka kuma lura da inda mai shago ya ajiye kwalbar. Masu yin sa sun ce a ajiye shi tsakanin digiri 8 da 21, mu kuwa zafin Afrilu da Mayu kan haura 40, saboda haka wadda ta wuni a kan tebur cikin rana ka bar masa abarsa. Idan kusoshinka na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, haɗa da feshin 7649 mai hanzarta kamawa. Ka wanke zaren tas, ka ɗaure, sannan ka ba shi awa 24 kafin ka ɗora wa injin kaya.