Agogon daidaita kafireto: abin da ya yi wa tsohon CB400 ɗina

Mai Boxer ko Jincheng ya adana kuɗinsa, wannan kayan ba nasa ba ne, domin kafireto ɗaya ba shi da abokin da za a daidaita shi da shi. Maganata da wanda Allah ya jarrabe shi da son tsohon babur mai fistin biyu ko huɗu nake yi. Nawa Honda CB400 Super Four ne, tokumbo, daga cikin na farko-farkon da aka fara ƙerawa a 1992. Kafireto huɗu gare shi kirar Keihin, jere a kan ƙarfe ɗaya, kowanne yana ciyar da fistin ɗinsa.

Ciwonsa sananne ne. Da safe sai an ja cok an yi ta lallashi. Idan ya ɗauki zafi a gosulon Oshodi, silo ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, ka saki totur amma ƙarar ta ƙi saukowa sai ta ga dama. Ga cin mai, a zamanin da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ke lissafin lita. Bakanikenmu na Agege gwani ne a kan ƙananan babura, da kunne yake saita silo kuma ba ya kuskure. Da na kai masa wannan, ya leƙa ƙarƙashin tanki ya ce, "Alhaji, wannan ai mota ce aka cire wa taya biyu. Huɗun nan kunne ba ya raba su." Gaskiya ya faɗa. Masu yin irin aikin a Legas suna nan, amma kuɗin da suke yanka ya sa na gwammace in sayi kayan awon in koya.

A kasuwar Ladipo na same shi, wajen masu sayar da kayan aikin gareji. Kirar China ne, ko suna babu a jikin akwatin. Agogo huɗu ne a kan faranti ɗaya, da tiyo huɗu, da bututun tagulla dogaye da gajeru masu zare iri biyu, milimita 5 da milimita 6, sai wasu ƙananan famfunan roba da ake sawa a tsakiyar tiyo. Honda na milimita 5 take ɗauka. Abin da agogon ke aunawa shi ne ƙarfin zuƙar iska a wuyan kowane fistin. Idan murfin totur na kafireto ɗaya ya fi na sauran buɗewa ko da kaurin gashi ne, wannan fistin zai riƙa jan sauran, injin ya yi ta rawa.

Abin da mai shagon bai faɗa ba, kuma babu shi a 'yar takardar da ke ciki, shi ne agogunan su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Kafin in taɓa sukuru ko ɗaya sai da na jona su ɗaya bayan ɗaya a fistin guda, injin yana silo. Biyu sun yi daidai, na uku ya ɗara kaɗan, na huɗu kuwa ya yi nisa sosai. Da a haka na yi aiki da su, da na lalata saitin da hannuna ina murna allurai sun jeru. Sa'ar da aka yi, gilashin kowanne yana kwancewa, kuma akwai ɗan sukuru a fuskar da ake juya allura da shi. Duk wanda ya sayi irin wannan, nan zai fara.

Sai dai tun kafin a kai ga agogo akwai aikin da ya fi shi wahala, wato wanki. Agogo ba ya buɗe jet ɗin da ya toshe, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireto. Na sauke tanki, na cire akwatin iyakilina, na zare jerin kafireton gaba ɗaya. Fitar da shi daga robobin wuyan inji shi ne inda gumi yake, don robar da ta haura shekara ashirin ta zama kamar ƙaho. Da na buɗe kofunan ƙasa, biyu akwai jan gari na tsatsa a kwance, ɗaya kuma da ɗigon ruwa yana yawo ƙarƙashin fetur. Wannan aikin Legas ne. Iskar garin nan jiƙe take, balle daga Afrilu zuwa Yuli, kuma tankin da aka bari rabi yana yin gumi ta ciki. Ga man da ba ka san inda ya kwana ba. Masu abin hawa ba su manta da gurɓataccen fetur ɗin nan mai methanol da ya shigo a Fabrairun 2022 ba.

Jet ɗin silo ramin da ke jikinsa ƙanƙane ne ƙwarai, sai ka ɗaga shi sama ka kalli haske ta ciki kafin ka san ko a buɗe yake. Nawa biyu ko alamar haske babu. Na jiƙa su a maganin fesawa na wanke kafireto, na zura silin tagulla guda daga cikin tsohuwar wayar lantarki, sannan na busa. Allurar ɗinki ko wayar ƙarfe faɗaɗa ramin take yi, daga nan kuma babur ya shiga shan mai har abada. Shi ma maganin fesawar yana da nasa sharrin: yana kumbura roba. Faifan robar nan mai laushi da ke ƙarƙashin murfin sama, da ƙananan zobban roba, duk sai an cire su an ajiye gefe kafin a fesa. Sukurun da ke daidaita mai da iska kuwa, kafin in kwance kowanne na murɗa shi ciki a hankali ina ƙirga zagaye har ya zauna, na rubuta a bango da gawayi, don in mayar da shi inda na same shi.

Wani abu da ya kamata a sani: sukurorin baburan Japan masu ɗan ɗigo a ka ba irin na sukundireban sita da muka saba ba ne. Sun yi kama, amma bakin ya bambanta, shi ya sa kusan duk tsohon kafireton da ka gani kan sukurorinsa a cinye yake. Idan ba a samu sukundireba na JIS ba, wato na ma'aunin Japan, a danna da ƙarfi kafin a murɗa.

Ranar saitin, a tsakar gida na yi, da hantsi. Sai da na roƙi maƙwabciyarmu ta ɗage girkinta. "Maman Sadiya, don Allah a kashe gas ɗin nan na ɗan lokaci, fetur zan buɗe." Ta ce to, amma kada hayaƙin ya shiga mata ɗaki. Tunda tanki a ƙasa yake, na rataye gorar mai a ƙusa na ja tiyo zuwa kafireto. Na kafa fankar ɗaki a gaban lagireto, domin injin zai daɗe yana aiki a tsaye kuma zafin Legas ba ya wasa.

Ina tayarwa allurai huɗun suka hau kaɗawa daga wannan gefe zuwa wancan, ba abin da ido zai karanta. Nan ƙananan famfunan ke aiki: ka matse kowanne a hankali har allurar ta koma ɗan motsi kaɗan. Idan ka matse gaba ɗaya ta tsaya cak, ƙarya take nuna maka. Sukurorin saitin uku ne, a ɓoye tsakanin kafireto da kafireto, sai da dogon sukundireba da tocilan. Kafireto ɗaya ba shi da nasa, shi sauran ke bi. Juyi kaɗan ake yi, ƙasa da kwata, a ɗaga hannu, a ɗan murza totur a saki, a jira allurai su zauna. Nauyin hannu kaɗai a kan sukundireba yana canza awon. Kuma kana gyara ɗaya sauran suna motsawa, don haka zagaye ake yi ana dawowa. Da tazarar ta koma cikin santimita biyu a ma'aunin agogon, na bar shi haka. Ƙarar injin ta canza tun kafin in duba allurai, kakkaɓin nan na wajen kuloci ya ɓace, na mayar da silo wajen juyi 1,300 a minti.

Aibin kayan, bayan rashin jituwar agogunan, tiyon ne. Siriri ne, da ya ji zafin inji sai ya yi laushi ya manne, ɗaya ma ya zame daga bututu ana tsakiyar aiki. Na canza su duka da tiyon iska na mota. Bututun tagullan ba su zo da zoben roba ba, kuma in babu shi iska na shiga ta zaren ta ɓata awon. Zaren nasu ma ba shi da santsi, da yatsa kawai nake ɗaura su, don jikin injin alminiyom ne, sifana na iya cinye ramin. Akwai na Birtaniya mai suna Carbtune da ke aiki da sandunan ƙarfe maimakon allura, wanda masu harkar ke yabo, amma da canjin fam na yanzu ban ga dalilin sayensa don babur ɗaya ba.

Yanzu babur ɗin yana tashi da safe ba gardama, silo yana zaune ko a cunkoson Ikorodu Road, kuma totur yana amsawa daga ƙasa ba tare da shaƙewa ba. Cin mai ya ragu, kodayake rabin wannan ladan na wankin ne, ba na agogo ba. Wanda robobin wuyan injinsa suka tsattsage, ko bawul ɗinsa ke neman saiti, ya fara da su, domin a kan irin wannan injin allurai za su jeru yau, mako mai zuwa su watse. Na ƙara ɗan matacin mai a tiyon tanki saboda tsatsa, kuma da damina ba na kwana da tanki rabi in dai aljihu ya yarda.