Safar ulu: wacce ce za ta kai ka ƙarshen hunturu?

Wani ɗan'uwa mai aikin gadi a Samaru ya tambaya: tsakanin sababbin safa masu kauri da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari da safar ulu ta gwanjo, wacce ta fi ƙarko? Malam, ga amsarka.

Sababbin nan masu araha, yawancinsu babu gashin tunkiya a jikinsu. Zaren roba ne, akirilik. Suna da laushi ranar farko, suna jure wanki, asu kuma ba ya cinsu. Amma ba sa shan gumi, sai ƙafa ta jiƙe a cikin takalmi, sanyin asuba ya kama ta, ga wari. Ba a jimawa zaren yake yin gudaji-gudaji, bakin safar ya saki.

Ulu na gaskiya daban ne. Yana iya shanye laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba ka ji shi a jiƙe ba, shi ya sa ƙafa take kwana da ɗumi. Mafi laushi shi ne na tumakin Merino, waɗanda asalinsu daga Sifen ne, yanzu kuma Ostireliya ce ta fi kiwonsu. Sai dai ulu zalla ba ya jure goga. Dunduniya da kan babban yatsa su ne ke fara ɓulewa, balle a muku-mukun Disamba da Janairu, lokacin da kaushi da faso ke cin safa kamar zarto.

Ni dai zaɓina, kuma shi nake so ka nema da gaske, ulu ne da aka gauraya da nailan, wani zaren roba mai ƙarfi. Idan rubutun jikinta ya nuna ulu kashi 60 zuwa 80, nailan 20 zuwa 30, to ka samu ɗumin ulu da ƙarfin nailan a wuri guda. A cikin dilar gwanjo aka fi dacewa da irinta, sai dai a tona da haƙuri. Ka zura hannu ciki, ka ɗaga dunduniyar wajen haske. In kana hango yatsunka, ajiye ta komai kyanta. In babu rubutu, ka zare ɗan zare ka ƙona: ulu yana warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murmushewa, roba kuwa narkewa take ta dunƙule.

Wanki ma yana kashe safa mai kyau. Ruwan zafi da cuɗa da ƙarfi suna sa ulu ya tsuke har ya ƙi shiga ƙafa. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, a matse a hankali, a shanya a inuwa. Ka riƙa yanke farce, ka shafa man kaɗanya a dunduniya kafin ka sa. Ka samu ƙafa biyu ko uku kana sauyawa, in zafi ya shigo a Maris ka wanke su ka adana da kafur saboda asu.