Tsohon shagon gahawa ko na zamani: ina ake samun esfireso mai kyau?

Ɗan'uwa, ka ce ka sauka a birnin da ba ka sani ba, ka tarar da shagunan gahawa iri biyu, wato tsofaffi da ake sha a tsaye a gaban kanta, da sababbi masu rubuta sunan ƙasar da aka noma ƙwayar, kana kuma tambayar wanne za ka nufa. Amsar ta danganta ne da irin ɗanɗanon da harshenka yake nema.

Tsohon salo daga Italiya ya fito, inda injin Faema E61 na shekarar 1961 ya yaɗa tsarin haɗa esfireso, wato 'yar gahawa mai kauri da ƙarfi, ta hanyar tura ruwan zafi cikin garin gahawa da famfo, da ƙarfin da ya kai kusan ninki 9 na matsin iska. Masu wannan salo sukan gauraya arabika da robusta, wato manyan nau'o'in ƙwayar gahawa guda biyu, su soya ƙwayar har ta yi duhu, sannan su ɗebi gari kimanin giram 7 su fitar da abin da bai wuce kurɓi biyu ba. Abin da za ka ji shi ne kauri da ɗaci, shi ya sa sukari yake karɓarsa. A birnin Napoli na Italiya har ruwa ake miƙo maka, domin ka wanke baki kafin ka sha.

Sabon salo, wanda ya yi ƙarfi a birane irin su Melbon da Oslo, ya fi son arabika zalla, sau da yawa daga ƙasa guda kamar Habasha ko Kolombiya, kuma ba a barin suyar ta yi nisa. Mai haɗawa yakan auna gari wajen giram 18 a kan sikeli, ya fitar da ruwan gahawa ninki biyu na nauyinsa. Sakamakon yana da ɗan tsami irin na 'ya'yan itace, wanda baƙon abin kan ɗauka lalacewa ce, alhali da gangan aka nemo shi. Sai dai jira ya fi tsawo, kuɗin ma ya fi yawa.

Kowane ɓangare yana da inda yake ɓoye aibinsa. Baƙar suya tana rufe asirin tsohuwar ƙwaya da injin da ba a wankewa, yayin da ƙawar shago da dogon bayani suke rufe asirin gahawar da ruwa ya ratsa da gaggawa har tsaminta ya yi kaifi. Saboda haka ka duba ko sai da ka yi oda aka niƙa ƙwayar, ko an rubuta ranar suya a jikin jaka, da kuma ko zubowar ta ɗauki daƙiƙa 25 zuwa 30. Kumfar da ke sama kuwa kada ta ruɗe ka, domin robusta tana yin kumfa mai kauri ko da ba ta da daɗi.

Ni dai da zan zaɓar maka, da na ce ka fara da tsohon shagon da ma'aikatan unguwa suke cika da sassafe, tunda yawan ciniki ba ya barin ƙwaya ta kwana a injin niƙa. Idan ɗacin ya yi maka yawa, ka gwada sabon shago washegari, ka nemi esfireso zalla ba madara, domin madara tana ɓoye bambancin da kake son ganewa.