Yini guda a gidan masu dafa mezkal a Matatlán

Ni ba na shan barasa, kuma tun kafin motarmu ta bar birnin Oaxaca na Meziko na sanar da ɗan jagoranmu haka. Noma ne harkata, abin da ya kai ni Santiago Matatlán kuwa shi ne agabe, tsiron da ake yin mezkal, barasar gargajiya ta Meziko, da shi. Tafiyar kusan awa guda ce.

Mai gidan dattijo ne ɗan ƙabilar Zapotec, sana'ar kuma gado ce kaka da kakanni. Ya kai mu bakin wani rami mai faɗi inda ake hura itace a ɗora duwatsu har su yi ja, a jibga kawunan agabe, a binne su kwanaki. Ya yanko mini gasasshen, launinsa kamar na mazarƙwaila. Na tauna, sai zaƙi irin na rake haɗe da ƙamshin hayaƙi. A gefe doki na zagayawa da ƙaton dutsen niƙa da suke kira tahona, jikan dattijon na biye da shi yana tura ɓawon ƙarƙashin dutsen da cebur.

Gonar ce ta fi tsaya mini a rai. Nau'in espadín sai ya shekara bakwai ko takwas kafin a sare shi, tobalá na kan duwatsu kuwa yakan haura goma. Dattijon ya nuna wani layi da ya dasa bana, ya ce rabon jikokinsa ne. Agabe sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, ya fitar da dogon kara sannan ya mutu. Yawancin manoma suna yanke karan tun yana ƙarami don zaƙin ya zauna a cikin kai. Shi yakan bar wasu su yi fure, jemagu su zo da dare su sha, a samu iri. Asara ce yake ɗauka da gangan, kuma wallahi na ga girmansa a nan. Tun da aka ba mezkal rajistar sunan asali a 1994, wadda ta keɓe sunan ga wanda aka yi a wasu yankunan Meziko kaɗai, kasuwar Amurka ta buɗe, ana ta sare daji ana dasa espadín zalla, na dawa kuma yana ƙaranci.

Inda ziyarar ta gaza shi ne rabon lokaci. Minti ashirin kacal muka yi a gona, amma teburin ɗanɗano da saye ya cinye fiye da awa. Na yi tambaya kan inda suke samo itace da inda suke zubar da ruwan tsami da ke ragewa bayan tacewa, wanda ke gurɓata rafuka, sai ɗan jagoran ya taƙaita fassarar ya ce lokaci ya ƙure. Abin ya sosa mini rai, don na ga dattijon yana da abin faɗa.

Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba. Mai niyyar zuwa ya nemi a fara kai shi gona da sassafe, ya riƙe malafa da takalmi mai ƙwari, don ƙayar agabe ba ta da wasa.