Wunin da muka yi a tsohon gidan dutse kusa da Chipping Norton

Tun da Hajiya ta zo Ingila ganin jikokinta take cewa mun kulle ta a kwali. Gaskiyarta ne. Gidanmu na Oxford ɗaki biyu ne da falo, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce an kwana lafiya. Da watan Mayu ya kama, uwargida ta dawo daga laburare da ɗan littafin bikin Oxfordshire Artweeks, wanda ake yi duk shekara tun farkon shekarun 1980. Mako uku ake ɗauka, shiyya-shiyya, masu zane da magina tukwane da masaƙa da maƙeran farfaru suna buɗe wuraren aikinsu, kowa ya shiga ya kalla kyauta, wanda ya ga abin da ya kwanta masa ya saya. A ciki muka ga wani tsohon gida a ƙauye kusa da Chipping Norton, za a buɗe shi Asabar da Lahadi kaɗai, masu sana'a kusan goma su baje kayansu. Ba zan ambaci sunan gidan ba. Gidan mutane ne, a ciki suke kwana, kuma ina da ƙorafe-ƙorafe.

Mun bi hanyar A44 ta Woodstock, muka wuce ƙofar fadar Blenheim inda aka haifi Winston Churchill a 1874. Mun kai Hajiya can a watan da ya gabata, ta zagaya, ta ce gidan sarki ne, Allah ya ƙara masa, ba ta sake tayar da zancen ba. Wannan karon daga babban titi muka karkata wata 'yar siririyar hanya, katangar duwatsu hagu da dama, an jera su ɗaya kan ɗaya babu kwaɓi ko kaɗan. Wani yaro mai riga ruwan ɗorawa ya nuna mana filin kiwo ya ce mu ajiye mota a nan.

Gidan bene ne na dutse mai launin zuma, ginin ƙarni na 17, daga zamanin da gashin tumaki ya azurta wannan yanki na Cotswolds. Abin da ya fara ɗaukar idona tagogi biyu ne a gefe da aka toshe da dutse. Daga 1696 zuwa 1851 ana biyan haraji a Ingila gwargwadon yawan tagogin gida, mutane da yawa suka gwammace duhu da biyan kuɗin. Da na gaya wa Hajiya sai ta riƙe baki ta ce, "Har iskar Allah?"

Hajiya ce ta gane matar gidan kafin kowa ya nuna mana ita. Wata tsohuwa ce da ta haura saba'in, da takalman roba na shiga taɓo, tana kai da komo cikin mutane. Baƙi uku sun yi ta fama da wata ƙofar katako ta ƙi rufuwa, ita kuwa tana zuwa ta ɗan ɗaga ta da gwiwa, ta tura, ƙofa ta rufe. Hajiya ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, sai ta taɓa ni ta ce, "Kai, waccan ce mai gidan. Je ka gaishe ta."

Wannan gaisuwa ita ce ta sa wunin ya yi daraja, domin matar ba ta ɓoye mana komai ba. Ta zagaya da mu bayan gida ta nuna mana wani wuri a bango inda dutsen ya ruɓe, yana zuba kamar gari idan ka taɓa. Ta ce surukinta ne ya sa aka like wurin da siminti tun ba a haifi 'ya'yanta ba, yana ganin gyara ya yi. Asalin ginin da farar ƙasa aka ɗaure shi, ita kuwa tana barin danshi ya fita. Siminti ba ya bari. Ruwa ya shiga, ya rasa mafita, sanyin hunturu ya daskarar da shi a cikin dutsen, dutsen ya farfashe. Ina cikin fassara wa Hajiya, ban kai ƙarshe ba ta karɓe zancen. Ta ce ai abin da aka yi wa zaurenmu na Zariya ke nan bayan rasuwar Malam: aka daina yaɓe da makuba, aka watsa masa siminti don a huta, damina uku bangon ya kumbura, simintin ya ɓantaro ya taho da ƙasar. Na mayar wa Baturiyar da Turanci. Ta kama hannun Hajiya da hannu biyu. Sun fi minti ashirin a jikin bangon nan, ina tsakiya ina tafinta, ɗaya tana zancen farar ƙasa da kwararon dalma, ɗaya tana zancen azara da indararo.

Sama kuwa ni kaɗai na hau, don matakalar ƙunci gare ta, tana murɗewa, gwiwar Hajiya ba za ta iya ba. A ɗakin da ke ƙarƙashin rufi na ƙirga bokiti huɗu da tsohuwar tukunya guda, kowanne an ajiye shi daidai inda yake yoyo. Ba su kwashe su don baƙi za su zo ba, kuma wannan ya ƙara musu ƙima a idona. Daga ciki kana ganin yadda aka yi rufin: fale-falen dutse ne, kowanne an huda shi an rataye da ɗan turken katako, manya a ƙasa wajen baki, suna ƙanƙancewa har zuwa tsororuwa. Ɗan matar ya bayyana mini cewa irin wannan dutse a ƙauyen Stonesfield ake haƙo shi a da, a shimfiɗa shi a fili ana yayyafa masa ruwa, sai sanyi ya daskare ya tsaga shi fale-fale. Ramukan sun daina aiki tun farkon ƙarni na 20, don haka idan ɗaya ya fashe yau, sai dai a nemi tsoho daga wani rusasshen gini, da tsada. Kuma ba su da ikon cewa bari mu sa kwano mu huta. Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, ko taga za a canja sai an nemi izinin ƙaramar hukuma, yin gaban kai laifi ne da kan kai mutum kotu.

A nan na fahimci dalilin buɗe gidan. Tun da aka kafa harajin gado a 1894 irin waɗannan gidaje suke shan wuya, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma sai da ya kai kashi 80 cikin 100 a kan manyan dukiyoyi. A 1955 kusan duk kwana biyar sai an rushe babban gida guda a ƙasar. Gidajen wasu iyalan sun koma ga National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi, kamar gidan Chastleton da ke nan kusa, wanda aka gina tsakanin 1607 da 1612, ya koma hannun ƙungiyar a 1991. Mutanen gidan da muka je kuwa sun zaɓi su zauna a nasu, su ci gaba da tarar yoyo. Ba a karɓi ko sisi a ƙofa ba. Masu sana'ar ne ke ba su ɗan kaso daga abin da suka sayar, kuɗin shayi kuma na gyaran rufin cocin ƙauyen ne.

Zanen da aka rataye a cikin gida bai burge ni sosai ba, kuma ba laifin masu zanen ba ne. An jera shi a wani dogon lungu mai duhu, mutane na turereniya, ba ka da inda za ka ja da baya ka kalla. Tukwanen da aka baje a ɗakin girki sun fi samun wuri, uwargida ta sayi kofuna biyu. Masaƙiyar da ke falo ta bar yara suka jefa ƙoshiya, sun ji daɗi.

Abin da ba zan manta ba a tsohuwar bargar dawaki yake. Wani dattijo ne mai yi wa littattafai bango, zaune da allura da zare da ɗan ƙashi mai santsi da yake lanƙwasa takarda da shi. A gefensa fatu ne a naɗe, ja da baƙi da ruwan ƙasa. Hajiya ta ɗauki jar, ta murza ta tsakanin yatsu, ta kai hanci, ta ce, "Wannan ai fatar gafaka ce." Na tambayi mutumin daga ina take. Ya ce fatar akuya ce daga arewacin Najeriya, kuma a sana'arsu ba su da wadda ta fi ta ƙarko da kyan ido. Jar akuyar Sakkwato ke nan, wadda ake kiwo har Maraɗi, wadda majemanmu ke jemewa da bagaruwa su rina da karan dafi. Ƙarnoni da dama fataken Sahara suna kai ta arewa, Turawa suna saye a tashoshin can suna kiranta fatar Maroko. Mutumin ya san sunan Sakkwato, amma bai taɓa jin kalmar bagaruwa ba. Ya sa na rubuta masa a bayan katinsa, ya yi ta maimaitawa har ya iya. Ya nuna wa Hajiya yadda yake fefe gefen fatar da wuƙa har ta yi sirantar takarda, don ta lanƙwasu a kusurwa ba tare da ta yi tudu ba. Ita kuma ta kwatanta masa yadda dukawa ke ɗinka gafaka da igiyar ratayawa. Na sayi ɗan littafin rubutu mai jan bango a wurinsa. Ya yi tsada, ban yi nadama ba.

Yanzu ƙorafi. Na farko ban-ɗaki: guda ɗaya tak aka buɗe wa baƙi, layi har waje, kuma tsofaffi ne rabin masu zuwa. Hayar na tafi-da-gidanka guda biyu ba za ta gagare su ba. Na biyu wurin zama. A duk ƙasan gidan babu kujerar da aka yarda baƙo ya zauna, kowace an gitta mata zare. Na san tsofaffin kaya ne, amma sai a kawo benci daga coci. Sai da matar gidan ta ga Hajiya ta jingina da bango sannan ta ɗauko mata kujera daga ɗakin girki da kanta. Wanda bai dace da haɗuwa da ita ba fa? Littafin bikin ma ya nuna cewa masu keken guragu ba za su iya hawa sama ba, amma tsakuwar da aka zuba daga fili zuwa ƙofa ita ma ba ta turuwa, kuma babu wanda ya gaya wa mutane tun daga wurin ajiye mota.

Na uku ya fi damuna. A rumfar shayi an jera burodi mai naman alade da mai cuku a faranti guda, suna taɓa juna. Na tambayi matar da ke zubawa ko akwai giya a kek ɗin mai busassun 'ya'yan itace, don na san sukan jiƙa shi da ita, ta ce maƙwabciyarta ce ta gasa, ba ta sani ba. Matan kirki ne, aikin sa-kai suke yi, ba na zarginsu da mugun nufi. Amma ɗan kati a gaban kowane faranti da ke faɗin abin da ke ciki ba ya cin minti biyar, kuma ba Musulmi kaɗai zai amfana ba, akwai masu cutar da gyaɗa ko alkama ke tayar musu. Shayi kawai muka sha, da cincin ɗin da Hajiya ta ƙunso a jaka. Sabis ɗin waya kuma babu shi a kwarin, na'urar biyan kuɗi da kati ta yi ta ƙin aiki, na ga mutum biyu sun mayar da kayan da suka zaɓa. Duk mai niyyar zuwa irin wannan wuri ya riƙo tsabar kuɗi, ya sa takalmin da ba ya jin tausayi, ya zo da safe kafin a cika, ya kuma taho da guzurinsa.

Da azahar ta yi na tambayi matar gidan inda za mu yi salla. Ba ta yi wata-wata ba, ta kai mu lambun tuffa a bayan gida, ta nuna mana famfo, ta ja ƙofar ta ce babu mai shigowa. Itatuwan suna fure, yana zubowa a kan darduma.

Ko ya cancanci a je? Ƙwarai. Zan koma baɗi in Allah ya kai mu, kuma na rubuta musu takarda na lissafa waɗannan gyare-gyare. Amma wanda ke neman gida mai ƙyalli da jagora mai lasifika, Blenheim ya dace da shi. Nan gida ne mai ƙamshin hayaƙi da danshi, karen gidan yana kwance a bakin murhu, takardar kuɗin wuta tana maƙale a jikin firji.

Da muka fito an yi yayyafi, filin ya zama taɓo, tayar motarmu ta yi ta juyawa a wuri guda. Sai da wani manomi ya zo da tarakta ya ja mu, mu da wasu motoci uku. Hajiya ba ta ce komai ba har muka wuce Woodstock, littafin nan mai jan bango yana kan cinyarta. Can ta ce, "Kai, in mun isa ka kira ƙaninka. Ruwa ya kusa sauka a gida. Ya nemo magini a ɓanɓare simintin nan na zaure, a yi yaɓe."