Balatro da Slay the Spire: wanne za ka fara saukewa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasannin bidiyon nan, Balatro da Slay the Spire, jirgi ɗaya ne ya kwaso su, kuma ko Balatro ba caca ba ce tunda da karta ake buga ta. Na taɓa duka biyun, ga abin da na gani.

Inda suka yi tarayya kaɗan ne. Kana farawa da katuna marasa ƙarfi, kana tafe kana gyara su, in ka faɗi sau ɗaya sai ka koma farko, kuma abin da ya fito maka jiya ba shi zai fito yau ba. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Slay the Spire, wanda Mega Crit suka kammala a 2019, faɗa ne. Jarumin farko, Ironclad, yana shiga da jini 80 da katuna 10, ana miƙo maka biyar a hannu. A saman kan dodo akwai alamar abin da yake shirin yi maka, kai kuma ka yanke: sara zan kai ko garkuwa zan ɗaga? Kuskuren da ka yi a hawa na biyu zai bi ka har gaba, don jinin da ya zuba ba ya dawowa da sauƙi.

Balatro kuwa, da wani ɗan Kanada mai kiran kansa LocalThunk ya haɗa shi kaɗai, ta fito a Fabrairun 2024, babu dodo babu jini. Lissafi ne zalla, ya sa rigar poker. Katuna 52, takwas a hannunka, ka jefa har biyar, kana da jifa huɗu ka cika makin da aka yanka maka. Shingen farko maki 300 ne. A ce ka haɗa Flush, wato biyar masu zane iri ɗaya: K, 10, 7, 5, 2. Flush kanta tana da maki 35 da ninki 4. Haɗa da darajar katunan ya zama 69, sau 4, 276. Saura ƙiris. To sayi Joker mai arha (karta ce ta musamman da ake saya a shagon cikin wasan), mai ƙara 4 a ninki, wannan hannun dai ya koma 552.

Nan wasan yake. Jokers 150 ne, gurbinka biyar, kuma daga hagu zuwa dama ake ƙirga su. Ka ajiye mai ƙara 4 kafin mai ruɓanya biyu, ninkinka 16. Ka juya su, 12. Na daɗe ina asarar maki a kan wannan ban ankara ba, ina ta zargin rashin sa'a. Matakai takwas ne, kowanne da shinge uku, na ukun shi ne mugun, yana iya kashe maka duk katunan zane guda. Shingen ƙarshe aƙalla maki 100,000 yake nema, ka ga ba hannu mai kyau ne zai fisshe ka ba, sai injin da ka ƙera a shago. Har kuɗin ruwa ake ba ka, dala ɗaya kan kowace biyar da ka adana, amma dalar bogi ce.

Batun caca: ba ka zuba ko sisi, ba ka ci na kowa, babu ma abokin karawa balle a yi masa burga. Sau ɗaya kake sayen wasan shi ke nan. Hukumar PEGI ta Turai, mai yanke shekarun da suka dace da kowane wasan bidiyo, ta taɓa ɗora mata shekara 18 saboda siffar poker, aka ɗaukaka ƙara, a 2025 ta sauke zuwa 12. Hukuncin wasa da karta ita kanta kuma na malamai ne, kuma ka sani akwai katunan Tarot a ciki, ko da yake galibinsu gyara karta suke yi.

In kana son ka zauna ka yi dogon nazari kamar mai dara, Slay the Spire ya fi zurfi, ban yi musu ba. Ni dai Balatro nake buɗewa a waya, tun da ta sauka can a Satumban 2024. Fara da ita, amma kar ka buɗe ta bayan Isha'i in kana da sammako.