Dashen da Za Ka Saya Sau Ɗaya, Unguwa Ta Samu Iri

Duk mai son filin gidansa a Kano ya riƙa ciyar da kansa, tambayar da zai fara yi wa mai sayar da dashe ita ce: wannan in ya girma, zan iya cirar iri a jikinsa? Ruwan samanmu daga Yuni ne zuwa Satumba, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Shukar da sai ka tare ɗan ga-ruwa kullum saboda ita ba ta wannan lissafin ba ce.

Ni dai zogale nake sa wa gaba. Ba ma sai ka saya ba. Reshe mai kaurin sandar tabarya, tsawon kamu biyu, ka roƙa a maƙwabta, ka kafa shi da faɗuwar damina, shi ke nan. Aibinsa dai: na reshe ba ya yin doguwar saiwa, iska kan kayar da shi, gara kuma tana sonsa. Na ƙwaya ya fi kama ƙasa, cikin mako biyu ya tsiro. Ka haɗa duka biyun. In ya kai ƙirjinka ka sare kansa ya yi rassa, ganyen ya tafi kwaɗo, wanda ya zube ya zama taki a gindinsa, sandunan da ka sare ka miƙa wa na kusa da kai. Sai dai ka killace shi, don awakin unguwa ba su san naka ba.

Shuwaka da lalle su ma reshe ne, a jera su jikin katanga. Ayaba tana ba da 'ya'ya a gindi, amma sai a makwararar ruwan alwala. Bishiyar turare kuwa kada ma ka soma, zai shanye maka danshin fili.

Inda ake cin kuɗin mutane shi ne mangwaro da dabino. Mangwaron aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan karan wani, kan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, shi ya sa ya fi tsada. Wasu masu dashen bakin titi sai su naɗe kara da leda, su ce maka an yi masa aure. Ka ce, "Malam, kwance mu gani." Na gaske za ka ga tabon haɗi, ya ɗan kumbura, ɓawon sama da na ƙasa sun bambanta. In ya fara cewa iska za ta shiga, yi gaba.

Dabino ya fi ciwo. An taɓa sayar mini da "ajwa" a leda, na yi ta ban ruwa, da ya yi fure ashe namiji ne. Dabinon ƙwallo kusan rabinsa maza ne, ba kuma mai iya ganewa yana ƙarami, komai rantsuwarsa. Ko macen ta fito, ba lalle ta yi kama da uwar ba. Ɗan da aka ɓalle daga gindin macen da ka ga 'ya'yanta da idonka shi ne abin saye. In da hali, ka tuntuɓi tashar binciken dabino ta NIFOR (cibiyar gwamnati mai binciken kwakwar manja da danginta) da ke Dutse kafin ka fitar da ko sisi.